Shinkafa Ba Yaji

Shekarar da aka kai ni ɗakin miji a Suleja, gidan haya muka kama a Iku, ɗaki takwas a jere da rijiya ɗaya. Gwamnati ba ta daɗe da tarewa a Abuja ba, duk wanda bai da ƙarfin kama ɗaki a can sai ya gangaro wajenmu. Mijina direban bas ne. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, ba na ganin abu in ƙyale, kuma zaman banza ba ya karɓata. Wata biyu da tarewa na fara suyar ƙosai a bakin titi, inda tifofi ke kwasar lebura da sassafe zuwa wuraren gini.

Wadda ta ba ni gefen rumfarta maƙwabciyata ce, kowa Maman 'yan biyu yake ce mata. Kirista ce, siririya, ba ta da yawan magana, shinkafa da wake take sayarwa. Duk ranar Alhamis da la'asar matan cocinsu kan taru ƙarƙashin mangwaron gidanmu, su yi waƙa suna buga wata tukunyar ƙasa da tafin hannu. Sai ɗaya ta ɗauko takarda ta karanto sunayen ƙasashen da ake ɗaure Kiristoci ko ake ƙona musu wurin ibada, su bi su ɗaya bayan ɗaya da addu'a. Sudan na sani, Sin na taɓa ji a rediyo, sauran kam ko a mafarki.

Na taɓa tsokanarta. Na ce, “Mama, ke da ko Minna sai an yi miki kwatance, mutanen Sin kike wa kuka?”

Ta ce, “Amarya, na san abin da suke ji ne.”

Daga baya na gane ba faɗa kawai ta yi ba. Ƙanen mijinta ne ya ba ni labari, wani ƙaton mai walda da ke karyawa a rumfarta kullum. Yayansa, mijin Mama, malamin firamare ne a wani gari can arewa. Da rikici ya tashi suka kulle kansu a ɗaki. Sai maƙwabcinsu ya zo ya ƙwanƙwasa, ya kira shi da sunansa, ya ce ya fito zai ɓoye shi. Ya fito, ashe mutane na tsaye a bayan katanga, nan suka kashe shi. Mai walda bai san fuskar maƙwabcin ba, don a lokacin yana Suleja, amma ya rantse a gabana cewa ranar da suka haɗu ɗayansu ba zai kwana a duniya ba. Kuma 'yan garinsu a bakin titin nan sun fi a ƙirga.

Wata safiya cikin damina, layi ya yi tsawo, sai na ji ludayi ya faɗi a ƙasa. Na waiga na ga Mama ta dafa tebur. Wani lebura ne a gabanta, dogo, da shebur a kafaɗa. Bai ko dube ta ba. Lebura mai jin yunwa tukunya yake kallo, ba mai tukunya ba. Ni na ƙarasa zuba masa, ya ci ya hau tifa.

Da muka koma gida ta jawo ni ɗakinta ta rufe ƙofa. Ta ce, “Shi ne.”

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni Musulma ce, kuma ranar kunya da fushi suka haɗu suka rufe ni, don maci amanar nan da sunan addinina ya yi abin da ya yi. Na ce mata a faɗa wa mai walda yanzu-yanzu, in ita ba za ta iya ba ni zan je. Ta riƙe min zane. Ta ce in magana ta fita mutumin nan ba zai kai azahar ba, ƙanen mijinta kuma a gidan yari zai tsufa. Na ce to 'yan sanda fa? Ta ce wa zai tsaya shaida? Sai da ta sa na yi mata alkawari tsakanina da Allah cewa zan kama bakina. Na yi, amma ina huci.

Na ɗauka gobe za ta ce ba ta da lafiya. Ina! Ta riga ni ɗora tukunya. Mai walda ya zo ya zauna a benci da kwanonsa, yana ba 'yan garinsu biyu labarin ƙwallo. Can sai ga mutumin ya shigo layi. Ƙosaina ya ƙone a cikin mai ina kallo.

Da layi ya zo kansa, Mama ta ɗauki kwano ta zuba shinkafa da wake, ta sa mai, ta tsallake gwangwanin yaji. Ta buɗe wata 'yar roba da ban taɓa gani ba, ta ɗebo miyar da ta soya daban a gida. Ta miƙa masa ta ce a hankali, “Har yanzu cikin ba ya son yaji?”

A garinsu, kamar ko'ina a lokacin, maƙwabta kan aika wa juna abinci, Musulmi da Sallah, Kirista da Kirsimeti. Shekara shida tana aika wa gidansa shinkafa, kuma saboda gyambon cikinsa takan kwashe nasa kafin ta zuba barkono. Duk Suleja babu wanda ya san wannan sai ita.

Ya ɗago kai. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Ya dubi kwanon, ya dube ta, ya dubi ƙattin da ke benci suna magana da yaren da ya sani sarai. Ya kasa gudu, ya kasa ci. Na gane abin da yake tunani, miyar da aka ware masa shi kaɗai. Ita ma ta gane. Ta sa cokali a tsakiyar kwanon, ta ɗebo inda miyar ta fi yawa, ta ci, ta haɗiye a gabansa. Ta ƙara ɗebowa ta ci. Sannan ta ba shi wani cokalin ta ce, “Zauna ka ci, mota za ta tafi ta bar ka.”

Mai walda ya ce, “Matarmu, yau kuma sabon salo? Wannan kwastoma sifeshal ne? Kin san shi ne?”

Na juya na dube ta. Na san ba ta ƙarya, ko a ciniki.

Ta ce, “Na san shi. Marar lafiya ne. Matsa masa ya zauna.”

Ya matsa. Mutumin ya zauna kafaɗa da kafaɗa da wanda ya rantse zai kashe shi, yana tura shinkafa kamar mai haɗiyar tsakuwa. Da ya dawo da kwano ina kusa, na ji ya ce da wata murya da ba ta fita sosai, “Don me?”

Ta ce, “Don Yesu. Shi ya hana ni. In da halina ne, da yanzu an gama da kai.”

Na ga masu haƙuri a rayuwata, a cikin danginmu ma akwai, amma irin wannan ban taɓa tsayawa kusa da shi ba, kuma tsoro ya ba ni. Tifa na tashi ta zaga bayan rumfa ta yi ta amai, ina riƙe da goshinta.

Na yi zaton ba za mu sake ganinsa ba. Bayan kwana uku ya dawo, ban san me ya dawo da shi ba har yau. Wata huɗu yana zuwa, har aikinsu ya ƙare ya ɓace. Kullum da 'yar robarsa ta miya, kullum a bencin nan, wani lokaci mai walda har ruwa yake miƙa masa. Ni da ba a kashe min kowa ba, ko sau ɗaya ban sayar masa da ƙosai ba. In ya matso sai in ce ya ƙare, ga shi tuli a faranti.

Abu ɗaya ne ta kasa. In ya ajiye kwanon da ya ci, sai ta tsaya tana kallonsa, hannunta ya ƙi zuwa. Ranar farko ta ce min, “Amarya, taimake ni, wannan kam ban kai ba tukuna.” Ni na wanke mata kwanon nan, kowace safiya, har wata huɗun suka cika.