Geron Isiyaku

Da kakar bana Isiyaku ya cika shekara talatin da biyu da rasuwa. Allah ya jiƙansa. Mu da muka yi aji ɗaya da shi a sakandaren kwana ta Birnin Kudu saura 'yan kaɗan, kuma akwai wata magana tasa da ta daɗe tana cina, gara in faɗe ta tun ina da baki.

Shi mutumin Sara ne ta ƙasar Gwaram, ni kuwa ɗan Surko. Ranar da aka fara duba akwatunanmu, kowa an same shi da ƙuli-ƙuli da garin rogo. Shi kuwa sai aka zaro zangarniyar gero uku, hayaƙin madafa ya mai da su baƙi ƙirin. Ya ce irin gidansu ne, kakarsa ta ba shi ajiya, don ba a tara iri wuri ɗaya, kada gobara ta cinye duka. Muka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni na laƙaba masa Mai Zangarniya, kuma duk da haka shi ya riƙa koya mini lissafi har muka gama.

Mun fito daidai lokacin da kuɗin mai ya fara shigowa, kowa idonsa na kan ofis. Na samu aikin gona na gwamnati, da sabon babur da hula a karkace. Isiyaku, wanda ya fi ni kai nesa ba kusa ba, ya koma gida yana koyarwa a firamare, yana noma. Wata shekara aka turo ni rabon sabon iri mai manyan zangarnu. A dandalin Sara, gaban dattawa, ya ce mini, "Ado, irinka mai kyau ne, amma yana son ruwa har ƙarshen damina. Namu da wuri yake nuna. Kada ka ce su bar shi."

Na ce, "Haba Mai Zangarniya! Shekara biyar a makaranta, ashe bokon bai shige ka ba?" Aka fashe da dariya. Ya yi murmushi, ya ja kekensa ya tafi.

Damina ta biyu ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba. Waɗanda suka bi maganata suka tashi da kara. Cikinsu har da mahaifiyata, wadda ta daka tsohon irinta ta yi fura saboda ɗanta ma'aikaci ya ce ba shi da amfani. Da bazara ina Kano, kunya ta hana ni leƙa gida. Isiyaku ya ɗaura iri a bayan keke tun daga Sara har Surko, ya ce mata, "Inna, Ado ne ya ce in kawo miki." Da na zo gaishe ta bayan kaka, ta yi ta sa mini albarka. Na sunkuyar da kai na ce amin.

Mun haɗu da shi sau ba adadi bayan nan, a suna, a jana'iza. In tsokane shi, ya yi dariya. Bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban taɓa ce masa shi ne da gaskiya ba, balle in gode. Kullum sai in ce sai wani zuwan. Ciwon kwana uku ya ɗauke shi, na iso an riga an dawo daga maƙabarta. Wannan abu yana mini ciwo har yau.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga matasa suna sayen iri a leda, ga damina ta koma zuwa a makare. Na san ba zai yi faɗa ba. Zai jujjuya ledar ne ya tambaya, kwana nawa yake nuna?

Bara a kasuwar Gwaram na ji wata mai awo tana tallar geron Isiyaku. Na ce mata, "Wane Isiyakun?" Ta ce, "Oho, Alhaji, haka muka taso muka ji ana faɗa." Na sayi tiya, na shuka a gonar Inna, ya nuna da wuri kamar yadda ya faɗa.

Bai bar gidan sama ba, ba a sa sunansa a kan titi ba, amma yana bakin mutanen da ba su taɓa ganinsa ba. Mutanen Sara da Surko, ku shaida, ban aiki Isiyaku ba. Inna ta rasu tana sa mini albarka a kan irin da ba nawa ba. Ya Allah, ka mai da albarkar nan ga mai ita.