Ranar da Goggo Hajo Ta Je Taron Abokan Hamayya

Shekara bakwai ke nan da muka kai Goggo Hajo makwancinta a Argungu. Ƙanwar mahaifina ce, sana'arta bandar kifi, kuma ta daɗe tana shugabar mata ta jam'iyyarta a mazaɓarsu. Na tuno ta ne makon jiya a majalisarmu ta hira a Birnin Kebbi, rediyo na kawo jawabin wani mai neman shugabancin ƙasa, yana roƙon 'yan sauran jam'iyyu su mara masa baya, wai rabuwar kan ƙasar nan ta isa haka. Majalisa ta kaure, wannan na cewa yaudara ce, wancan na cewa gaskiya ya faɗa. Ni kuwa dariya ce ta kama ni, domin na san da Goggo na raye, da tuni ta sa an nemo mata mota.

Ta taɓa yin haka kuwa, a gaban idona.

'Ya'yanta maza biyu ne, Umaru babba da ƙanensa Nasiru. Gonar shinkafa ɗaya mahaifinsu ya bar musu a fadamar Gulma, injin ban ruwa ma ɗaya. A wata shekarar zaɓe Umaru ya koma jam'iyyar hamayya, Nasiru ya tsaya inda uwarsu take. Tun ana yi da raha har ta kai ga gugar zana, daga nan gaisuwa ta ɗauke. Matansu suka daina aika wa juna abinci. In Umaru ya ji Nasiru na gona sai ya fasa zuwa, shi ma Nasiru haka, har ya zama kowa na zaton ɗan'uwansa ne ya je, alhali ba wanda ya leƙa. Noman rani ne, rana na dukan ƙasa, shinkafa ta fara naɗe ganye. Abincin gidaje biyu ke nan na shekara.

Ana cikin haka aka yi shelar ɗan takarar su Umaru zai zo Birnin Kebbi. An ce duk inda ya tsaya yana kiran 'yan kowace jam'iyya su zo su ji ta bakinsa. Ranar taron da hantsi sai ga mota a ƙofar gidana, Nasiru a gaba ya ɗaure fuska tamau, Goggo a baya da ƙawayenta, kowacce ta sha atamfar jam'iyyarsu mai ɗauke da hoton nasu ɗan takarar. Na ce, "Goggo, da wannan atamfa za ki shiga can?"

Ta ce, "Da wace kake so in shiga? Mutum ya ce kowa shi zo. To ga mu munka zo, mu gani in da gaske shikai."

Mun biya kasuwa muka ɗauki Mama Chidi, 'yar kudu da ta fi shekara ashirin a Birnin Kebbi tana sarin kifi a hannun Goggo. Ita nata ɗan takarar daban ne da na ɓangarorin biyu, amma da Goggo ta ce ta fito, rufe shago ta yi tana cewa, cikin Hausarta da ta fi tawa gishiri, ba za a yi wannan kallo babu ita ba.

Muka isa bakin filin taro. Matasa masu gora suka tare mu, ana ihu ana nuna atamfar. Wani ya ce 'yan leƙen asiri ne, wani ya buga motar da tafin hannu. Nasiru ya yunƙura zai fita, Goggo ta riƙe masa wuyan riga ta baya. Ta sauke gilashi ta dubi mafi zafin kansu, ta kira sunan kakarsa, ta tambaye shi ya ƙafarta. Gorar ta yi ƙasa. Kafin ya gama amsawa sai ga Umaru ya keto taro da gudu, domin yana cikin masu shirya wurin. Ban taɓa ganin mutum ya yi gumi irin nasa ba. Ya durƙusa yana cewa, "Inna, don Allah ki koma gida." Ta ce masa tun da ta haife shi bai taɓa ba ta kujera a taro ba, yau rana ta yi.

Haka aka shigar da mu. Ɗan takarar ya hango jerin mata sanye da hoton abokin karawarsa, kuma, in faɗi gaskiya, ya yi abin kirki. Ya tsayar da jawabi ya sa aka matso da su gaba, ya hana a yi musu ihu. Abin da ya faɗa ranar bai wuce wannan ba: kada kowa ya yaga katinsa, aron ƙuri'a kawai yake nema, kuma maƙwabci ya fi ɗan takara kusa. Goggo ta saurara har ƙarshe, hannu a haɓa. Ba ta tafa ba, ba ta yi guɗa ba. Da na tambaye ta yaya ta gani, cewa ta yi bakinsa da daɗi, amma ita ba ta taya kifi sai ta juya cikinsa.

Da aka watse ta sa Umaru ya shiga motar, dole suka matsu da Nasiru a kujerar gaba, kafaɗa na gugar kafaɗa, kowa na kallon gefensa. Da muka doshi Argungu ta ce wa direba ba gida ba, fadama. Muka sauka a bakin gona da la'asar, ƙasa ta tsattsage, shinkafa ta yi jawur. Ta tsaya a kan kunya da atamfarta ta dube su.

"Kun ji abin da mutumen Umaru ya hwaɗi. Shi da bai san ku ba ya ce ku zamna lahiya. To ku gaya min, shinkafar ga wace jam'iyya ta?"

Mama Chidi ce ta fara tuntsirewa da dariya, sai ƙawayen, sai direba. Nasiru ya naɗe ƙafar wando ya nufi injin, ya ja igiya injin ya ƙi tashi, ya sake ja ya ƙi. Umaru ya yi tsaki ya ce tun yana yaro bai iya komai ba, ya ture shi ya ja da kansa, injin ya tashi. Ita ce magana ta farko da ta shiga tsakaninsu a watanni. Ba duka gonar ta farfaɗo ba, gefen tudu ya riga ya ƙone, amma an sami abin da aka ci.

Jam'iyyarta ba ta ji daɗi ba. Shugabanta na mazaɓa ya kira zama, aka zarge ta da zagon ƙasa, aka dakatar da ita. Ba ta yi musu ba, ta koma wajen bandarta. Sai da nasu taron ya zo, aka nemi mata aka rasa, kowacce ta ce tana da wanki, sannan shugaban ya zo da kansa da goro yana cewa tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Wanda ta zaɓa ranar ƙuri'a kuwa, ta tafi da shi kabari. Umaru na rantsuwa nasu ne, Nasiru na rantsuwa nasu ne.

Ina yawan tunanin me za ta ce da halin da muke ciki yau. A zamaninta sai ka taka ka je kafin ka zagi mutum, kuma in ka je sai ka tarar ka san kakarsa. Yanzu yaro na kwance a ɗaki da waya yana tsine wa mutanen da bai taɓa gani ba, saboda yarensu ko addininsu ko wanda suke so. Manyan da aka yi gaba dominsu a wancan zaɓe kuwa tuni suka haɗe a inuwa ɗaya suna cin abinci tare. 'Ya'yanta ma, abin dariya, sun yi musanya: Umaru na jam'iyyar da ya bari, Nasiru na wadda ya tsana. Ba na jin Goggo za ta ce a yarda da duk mai kiran haɗin kai, domin ba a cinikin biri a sama. Ba kuma za ta ce a toshe kunne don ba namu ba ne. Za ta ce a je a ji, a tambaye shi kuɗin taki da man injin, sannan a dawo gida a gaida maƙwabci.

Ba ta bar dukiya ba, sunanta kuma bai taɓa fitowa a jarida ba sai yau. Abin da ta bari shi ne gida da ake gardama a cikinsa ba a gaba. Ranar Juma'ar da ta wuce mun taru a Argungu don yi mata addu'a. Ana shafawa Umaru da Nasiru suka ɗora musu kan wannan sabon ɗan takara, murya har titi, jikoki na kallo suna dariya. Suna cikin haka aka kira la'asar. Muka yi alwala muka jeru a tsakar gida, sai Nasiru ya dafa bayan wansa ya tura shi gaba.

"Shige, Yaya. Nan kaɗai ni ka bin ka. Wa'adinka raka'a huɗu, kuma babu tazarce."

Sai da muka jira dariya ta lafa kafin Umaru ya iya tayar da kabbara. Allah ya jiƙan Goggo Hajo, ya sa Aljanna ce makomarta.