Sunan Wahabu

Duk wanda ya taɓa karya kumallo a unguwar Kpangalam ta Sokodé ya san Husseina mai shinkafa da wake. Gajeriya ce, ba ta da yawan fara'a, amma hannunta a sake yake wajen zuba miya. Da wannan tukunyar ta aurar da 'ya'ya biyu bayan rasuwar mijinta, ta kuma yi wa ɗakinta rufin kwano. 'Yan unguwa kan ce ba ta tsoron kowa. Ba su san tun tana ƙaramar yarinya take ɗauke da wani tsoro a ƙirjinta ba.

Kakarta Daada ce ta ɗora mata shi. Wata rana tana yi mata kitso ta ba ta labarin nata kakan, Wahabu mai masauki, wanda ya yi zamani a wani ɗan gari gabas da Sokodé tun kafin zuwan Jamusawa. Fataken goro a gidansa suke sauka. Shi zai ba su ɗaki, ya samo wa jakunansu ciyawa, ya nemo musu masu saye, a gefe kuma yana sayar da gishiri da kanwa. Dogo ne, in ya yi dariya har a bakin rafi ana ji, kuma ba ya cin abinci sai da baƙo a gefensa. Sai yaƙi ya tare hanya, ayari ya daina zuwa, ɗakunan baƙi suka zama na kaji. Wasu sun ce wannan ne ya karya shi, wasu sun ce ciwo ne ya shige shi. Daada ta ce babu wanda ya sani. Abin da aka gani shi ne ya daina zama a zaure, ya rabar da jakunansa, ya bi gida-gida yana neman gafara. Mutane suka ɗauka Makka zai tafi, har ana ba shi saƙon addu'a. Sai ya kashe kansa. Aka binne shi a bayan gari, ba taro, dangi kuma suka yi alkawarin ba za a sake sa wa yaro sunansa ba.

Alidu, mahaifin Husseina, bai ɗauki wannan alkawari da nauyi ba. Yana harkar shanu a Dapaong, can arewa, aka haifa masa ɗa namiji, wani amininsa mai suna Wahabu ya tsaya masa a hidimar, sai ya yi masa takwara. Kafin labari ya iso Sokodé an riga an yanka rago. Daada ba ta taɓa kiran sunan jikan nan ba har ta mutu. Ranar kitson, da ta gama labari, ta riƙe haɓar Husseina ta ce, "Ke ce babba. Kada idonki ya bar yaron nan."

Idonta kuwa bai bar shi ba. In aka kawo shi hutu Sokodé, ba ta barinsa ya zauna shi kaɗai. In ya yi shiru, sai ta tsokane shi har ya yi faɗa, don faɗan ya fi mata sauƙi. Ya girma ya zama dillalin shanu a Dapaong, mutum mai barkwanci da tumbi, ya auri Khairiya, suka haifi 'ya'ya. Duk Juma'a Husseina sai ta kira shi. Ba maganarsa take saurare ba, muryarsa take aunawa. Shekaru suka tafi a haka, har ta fara ganin kamar Daada ta tsorata ta ne a banza.

Sai arewa ta rikice. Daji ya zama abin tsoro, makiyaya suka rage kawo shanu. Hamadu, Bafillacen da Wahabu ya yi shekaru yana hulɗa da shi, ya shiga daji da garkensa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Wayar Juma'a ta fara gajarta. Ko me ta tambaya, sai ya ce lafiya lau.

Wata Talata da hantsi, tana tsakiyar sallamar masu saye, wayarta ta yi ƙara. Shi ne. Bai saba kiranta ranar Talata ba.

"Yaya, kina kasuwa ne?"

"Ina bakin tukunya. Lafiya?"

"Lafiya. Na ce ne in na taɓa ɓata miki, ki yafe mini."

Ludayin ya tsaya a hannunta. Ta ce, "Me ka yi mini? Tafiya za ka yi?"

"A'a. Ki dai yafe."

Ya kashe wayar. Ta kira, ba ta shiga ba. Ta kira Khairiya, wadda ta ce tun bayan asuba ya fita a ƙafa, babur ɗin kuma jiya ya ba ƙanenta, wai ya gaji da hawa.

"Yana cin abinci tare da ku?"

Khairiya ta ce, "Ya kwana biyu a ɗaki yake ci, Yaya. Wani lokacin ma yadda na kai haka nake ɗaukewa."

Husseina ta ajiye ludayin. Ta ce wa Khairiya ta tura mutane nemansa yanzu-yanzu. Ta bar wa 'yarta Nafissatou tukunya, ta tare ɗan zemijan ya kai ta tasha a babur, da zanen aikinta mai ƙaurin hayaƙi.

Ba ta taɓa jin nisan Dapaong kamar ranar ba. A Kara direba ya tsaya cin abinci, ta bi shi har rumfar mai abincin tana roƙonsa su tafi, ya dube ta kamar mai taɓin hankali. Matar da ke kusa da ita ta miƙo mata gyaɗa, ta karɓa ta riƙe a hannu. Duk wayar da ta yi ƙara a cikin motar sai ta duba tata. In ta rufe ido, dogon mutumin nan take gani, wanda ba ta taɓa sani ba, yana tsaye a ƙofar gidajen mutane yana sallama, su kuma suna yi masa fatan sauka lafiya. A Mango Khairiya ta kira tana kuka: an duba masallaci, an duba gidajen abokansa, ba ya nan. Daga Bombouaka Husseina ta daina kiran kowa. Carbi kawai take ja, ba ta ma san abin da take karantawa ba.

Da la'asar ta sauka. Ba ta nufi gidan ba, ta ce a kai ta kasuwar shanu. Ba ranar kasuwa ba ce, shi ya sa ba wanda ya yi tunanin wurin. Filin wayam, sai turaku da busasshen kashin shanu. Can ƙarƙashin wata bishiya, a kan bencin dillalai, ta hango mutum zaune ya juya baya, ba ya motsi. Ta tsaya. Ta kasa kira, ta kasa matsawa. Sai ta ga ya ɗaga hannu ya kori ƙuda.

Ta je ta zauna kusa da shi. Ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Bai yi mamakin ganinta ba.

Duk tsawon rayuwarta tana gadinsa, amma ba ta taɓa tambayarsa ba. Sai ta ce, "Wahabu, kana tunanin kashe kanka ne?"

Ya daɗe yana kallon turakun. Sannan ya ce, "Yana zuwar mini. Ina korarsa, yana dawowa. Yau ya fi ƙarfina, shi ya sa na fito daga gida, na zo inda na saba."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Tun ina yaro nake ganin yadda kuke kallona, Yaya. Na san labarin mai sunana, a bakin yaran gida na ji. Na ga in na faɗa, shi ke nan, abin da kuke jira ya zo."

Ta kama hannunsa da hannu biyu, ba ta sake shi ba har suka isa gida.

Washegari ita da Khairiya suka kai shi asibiti. Likitar ta daɗe da shi a ciki. Da suka fito ta ce musu ciwo ne, yana da magani, ba suna ke kawo shi ba, amma kada a bar shi shi kaɗai a kwanakin nan. Husseina ta ji maganar, sai dai zuciyarta ba ta gama yarda ba. Ta zauna a Dapaong har aka fara ganin yana cinye abin da aka zuba masa, sannan ta taho da shi Sokodé. Wani ɗan'uwansu mahauci ya ba shi wurin zama a rumfarsa, yana taya shi zaɓen dabba. Sauƙin bai zo a miƙe ba. Wani makon ya yi hira har da dariya, wani makon ya kwanta ya juya wa bango fuska.

Shi ne da kansa ya je wurin limamin unguwa ya tambaya ko ya halatta a roƙa wa tsohon nan mai sunansa gafara. Liman ya ce Musulmi ne, rahamar Allah kuma ba a hannun mutum take ba. Aka dafa abinci aka raba, liman ya ambaci Wahabu mai masauki a gaban jama'a. Wasu tsofaffin dangi suka ƙi zuwa. Husseina ta zo, amma da aka kira sunan sai da tsigar jikinta ta tashi.

Bana da damina ya ce zai koma wurin iyalinsa. Ta kawo dalilai iri-iri, ya saurara, ya ce zai koma. Ta raka shi tasha, ta duba jakarsa ta tabbatar maganin na ciki, ta sa ya yi mata alkawarin in tunanin ya dawo zai faɗa wa Khairiya a ranar. Ya ce ya yi. Motar ta cika, ta tashi. Husseina ta koma bencin masu jira ta zauna, idonta na kan hanyar da motar ta bi, har wani yaron mota ya zo ya tambaye ta ina za ta.