Bakaniken da Ba Ya Taɓa Inji da Zafi

Kafin mai facin da ke gefensa ya buɗe, shi ya riga ya share gaban rumfarsa, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanu daga ƙarami zuwa babba. A ƙarshen layin akwai doguwar sukudireba mai mariƙin katako, da wasu siraran ƙarafan awo da yake naɗewa a tsumma kamar kayan gado. Daga nan ya jawo benci ya ajiye a inuwa. Bencin ba nasa ba ne, namu ne masu jira. Shekara talatin da huɗu yana wannan tsari, sai watan jiya ya daina.

Bakaniken babur ne, kuma a unguwa ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Baba Bari-ya-huce muke ce masa, don ita ce amsar farko da kowa ke samu. Ka zo da gaggawarka, ka ce injinka na ƙara, zai ɗora kan sukudireba a jikin injin, ya manna mariƙin a kunnensa, ya rufe ido. Idan ya ce bawul ne, sai ya kashe babur ya nuna maka benci. Awa biyu, wani lokaci uku. Na ga mai haya da babur ya roƙe shi har da rantsuwa cewa fasinja na wuce shi a titi.

"Su wuce mana," in ji Baba. "Ƙarfe in ya yi zafi kumbura yake yi. In na auna shi yanzu, ƙarya zai faɗa mini, ni kuma in faɗa maka."

A kan bencin nan muka yi karatun da ba mu nema ba. Bawul, in ji shi, ƙofofi ne biyu a kan inji, ɗaya na shigar da mai da iska, ɗaya na fitar da hayaƙi. Tsakanin kowace ƙofa da ƙarfen da ke tura ta akwai 'yar rata da ba ta fi kaurin takarda ba. Ratar ta yi yawa, ƙarfe ya yi ta dukan ƙarfe har su cinye juna. Ta yi kaɗan, ƙofar ba za ta rufe sosai ba idan inji ya ɗau zafi, wuta ta riƙa lasar bakinta har ta ƙone. Sauran laifin kuwa mu yake ɗora wa. Ba ma canza baƙin mai sai ya koma kamar kwalta, ba ma wanke matatar iska sai yashi ya shiga, kuma da safe muna tayar da babur mu murɗa masa wuta alhali mai bai kai sama ba.

"Kai in an tashe ka daga barci, gudu kake fara yi?" Haka yake tambayar duk wanda ya kama da wannan hali.

Sai wani bakanike ya buɗe a tsallaken titi. Mutum ne mai fara'a da saurin hannu, minti goma ya gama, da zafin inji da komai. Yakan ɗaure bawul har inji ya yi tsit, mu kuwa masu babur ba abin da ke burge mu kamar inji marar ƙara. Na Baba kullum akwai ɗan ƙis-ƙis da yake bari da gangan. Cikin 'yan watanni bencin ya koma wurin kwanan kyanwar mai faci. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta gaya mini da bakinta cewa ta yi masa magana ba sau ɗaya ba.

"Na ce Malam, tunda shiru suke so, ka ba su shirun mana, gida fa na buƙata. Ya ce in ya ba su, da wane ido zai dube su ranar da suka dawo suna turi?"

Ni ma na tsallaka, ba zan ɓoye ba. Ina koyarwa a wata makaranta mai nisa, kuma na gaji da jira. Wata biyar babur ɗina na tafiya lumui, sai ya fara wuyar tashi, sai ya daina hawa tudu, sai ran nan ya mutu a hanya ranar jarrabawar ɗalibaina. Na turo shi har gaban rumfar Baba, kunya ta fi gumin yawa. Ya kwance kan injin, ya zaro bawul ɗin hayaƙi, bakinsa ya zaizaye kamar ɓera ya gutsura.

"Malam, ai ka sami shirun da kake nema," ya ce. Iyakar gorin da ya yi mini ke nan.

Ɗaya bayan ɗaya muka koma. Shi kansa na tsallaken ya zo wata rana da ƙanƙan da kai, Baba ya nuna masa yadda ake awo bai rage komai ba.

Kai ne, Baba, gwanin da ya yarda ya zauna hannu rabbana shekara biyu don kada ya sayar mana da abin da muke so alhali zai cuce mu. Kai ne likitan da ba ya rubuta magani don farin cikin majinyaci. Ban san mutum nawa ka hana kwana a hanya ba, kai ma ba ka ƙirga ba.

Abin da ya rufe rumfar ya faru ne a bana. Wata ungozoma da ke zagaya ƙauyuka da babur ta kawo nata dubawa. Baba ya saurara, ya ce lafiya lau. Bayan sati ɗaya sarƙar da ke juya bawul, wadda ta daɗe da saki, ta tsallake haƙorin ƙarfen da take kamawa, bawul ya lanƙwashe, matar ta ƙarasa wurin mai naƙuda da ƙafa. Allah ya sa ta isa a kan lokaci. Da aka kawo babur ɗin, mai faci ya ce shi ma tun ranar farko ya ji sarƙar na kaɗawa daga inda yake zaune, ya ɗauka Baba ya ji.

Babu wanda ya zarge shi. Ungozomar ma cewa ta yi tsautsayi ne. Shi ne ya gyara injin, ya tura babur ɗin da kansa har ƙofar gidanta.

"'Yata, ba tsautsayi ba ne," ya ce mata. "Ƙarar tana nan, ni ne ban ji ba."

Da ya ce zai ajiye sana'a, mun yi ta ba shi baki. Idonsa garau, hannunsa ba ya rawa, awo kuma ba da kunne ake yi ba. Ya ce awon kowa zai iya, abin da mutane ke kawo masa babur dominsa shi ne ya ji abin da bai lalace ba tukuna, kuma wannan ya tafi. Ya ba na tsallaken kayan aikinsa, ya sa kwaɗo a rumfa.

Mun gode, Baba. Allah ya saka da alheri, ya ba da lafiya da sauran kwana masu albarka. Masu sana'a kuma, kowace iri ce taku, ku dubi mutumin nan. Bai bi son ranmu ba lokacin da muka guje shi, bai kuma riƙe mu ba lokacin da ya san ba zai iya ba.

Jiya na biya gaishe shi. Yana zaune a ƙofar gida, Inna na tsintar wake a gefensa. Wani babur ya wuce, ya bi shi da kallo har ya sha kwana, sannan ya juyo wajenta.

"Yaya kika ji shi?"

"Lafiyarsa ƙalau, Malam," ta ce da ƙarfi.

Ya gyaɗa kai. Babur ɗin kuwa ƙara yake yi kamar ana dukan kwano.