Tsinken Awon Sawun Damisa

Ranar da ruwan sama ya yi mini duka a hanyar kasuwar Sanyuanli, mura ta kama ni, sai matar da nake sarin kaya a shagonta ta miƙo mini ɗan jan gwangwanin man zafi. Ina buɗewa ƙamshin ya ɗauke ni daga Guangzhou, ya dire ni a zauren kakana.

Kakana maharbi ne. Ko da na yi wayo gwiwa ta riga ta fara zaunar da shi, kuma ni ne mai shafa masa irin wannan man bayan la'asar. A murfin gwangwanin akwai hoton wata dabba kamar damisa, sai dai ita ratsi-ratsi gare ta, ba ɗige-ɗige irin na tamu ba. A kan hoton nan suka yi shekara da shekaru suna musu da amininsa, wanzamin garinmu. Wanzami ya ce babu wannan dabba a duniya, ɗige-ɗige ne suka ba mai zanen wahala ya ja layi ya huta. Kaka ya ce akwai ta, kuma ta fi tamu girma, a dubi dantsenta. 'Yan zaure su kwashe da dariya, shi ma ya yi, amma ni da ke riƙe da gwiwarsa na san abin yana masa ciwo.

Ka san kaka ba ya rantsuwa a kan dabba, aunawa yake yi. In ya ga sawu, sai ya karyo tsinken gamba daidai faɗinsa ya kawo gida, mai musu ya gani da idonsa. Ita wannan kuwa ina zai samo sawunta?

Wata damina ya tashe ni bayan asuba muka shiga dajin bayan gari. Raɓa ta jiƙa mini wando har cinya, ga ƙamshin ɗanyar ƙasa, ga kwaɗi ba su gama surutunsu ba. A bakin rafi ya tsaya cak, ya durƙusa da kyar. Sawun damisa ne a taɓo, sabo fil. Ni na ja da baya, shi kuwa fuskarsa kamar an yi masa haihuwa. Ya karyo tsinke ya auna, ya zura a kuben wata tsohuwar wuƙa. Ba a sake ganin damisa a dajinmu ba.

Da ciwonsa ya yi nauyi ya ba ni kuben. Ya ce, "Abokina, in Allah ya kai ka ƙasar masu man nan, ka auno mini tasu."

Allah ya kai ni. Amma shekara takwas ina nan, daga unguwar Liwan zuwa tashar jiragen ruwa ta Nansha, daga kwantena zuwa kwantena, kuben yana kwance a ƙasan akwati. Wallahi ranar murar nan kunya ta kama ni. Akwai irin damisar mai ratsi a gidan zu nan cikin gari, amma kaka ba zai karɓi sawun da aka taka a kan siminti ba.

Sai na hau jirgin ƙasa zuwa wani gandun daji can ƙarshen arewacin ƙasar, kusa da iyaka. Kwana uku ina bin wani dattijon ma'aikacin gandun cikin duhuwar itatuwa, sauro yana cin rabonsa. Kullum in na tambaya sai ya girgiza kai ya ce "meyo", wato babu. Ya nuna mini hotunan damisar da kyamarorin jikin bishiya suka ɗauka. Na gode masa, amma ba hoto aka aiko ni ba. A rana ta uku, a bakin wani rafi, ya tsaya cak ya durƙusa, sak irin durƙuson kaka. Na zaro tsinken na ɗora a kan sawun. Bai kai ba. Da saura, sosai ma. Ban ga damisar ba, kuma ban damu ba. Na karyo tsinke a wurin na auna.

Da Babbar Sallah na je gida na kai tsinkayen biyu wa kakata, wadda idonta ya riga ya tafi. Ta shafa gajeren, ta shafa dogon, ta jera su a tafinta. Can ta ce, "Angona, ashe dai tsohon nan gaskiyarsa ce. Maza a kira mini ɗan wanzami."

Yau dajin bayan garinmu gonakin masara ne, rafin ma sai damina ta yi nisa yake kawo ruwa. 'Ya'yana sun ga damisa mai ratsi a waya har sun gaji, ba wanda zai yi musu a kanta. Ni kuma na dawo Guangzhou, da yamma ina shafa man a tawa gwiwar. Musun ya ƙare, kaka ya yi nasara. Sai dai daga shi har wanzamin, babu wanda ya jira ya ji.