Ƙugiyar da Katakis Ya Manta

Katakis Bulus, malamin cocinmu, ya soke sunana daga jerin masu karatu a Misa, kuma har yanzu ban yafe masa ba. Na faɗa. Duk wadda za ta ce mini Kirista ba ya riƙo, ta bari in gama tukuna, domin jiya da dare abin ya bi ni har cikin mafarki, kuma fassararsa nake nema a wurinku, 'yan'uwana mata.

Ga waɗanda ba su zo coci ranar Lahadi ba, ga yadda aka yi. Kun san sai da na haura hamsin na shiga ajin yaƙi da jahilci. Shekara uku ina jan fensir kamar mai jan garma. Malama Saratu da ta koya mana, abu ɗaya ta dasa mini a kai: “Ladi, abin da ke kan takarda shi za ki faɗa. Kar ki ƙara, kar ki rage.” To, Lahadin nan aka ba ni karatu na biyu, karona na farko. Katakis ya ce rubutun babban littafin karatu na coci ya yi wa idona ƙanƙanta, ya bugo mini a takarda, ya miƙo mini a bakin ƙofa ana shirin shiga. Ashe na'urarsa ba ta sa wa haruffa ƙugiya. Karatun yana maganar yi wa baƙi alheri ne. A takardar kuwa baki aka rubuta. Sau uku na tsaya gaban jama'ar Allah ina ce musu su yi wa baki alheri. Daga can baya wani ya ce, “Amin, Mama, a kawo tuwo!” Coci ya ɗauka da dariya.

Za ku ce ai hankali ya kamata ya gaya mini. Hankalina a lokacin yana kan kar in tsallake layi.

Bayan Misa Katakis ya tare ni. Ya ce, “Mama Ladi, karatu ba na kowa ba ne. Ki ci gaba da sharar coci, ita ma hidima ce.” Na ce, “Ƙugiyar fa, Malam, ni na cinye ta?” Ya wuce kamar bai ji ba. Ranar Talata na ga layi a kan sunana.

To, ga mafarkin.

Na gan ni a bakin ƙofar cocinmu, amma babu rufi, sama a buɗe, kuma ƙasan ba siminti ba ne, masussuka ce, har da ɓuntun dawa. Bencuna duk sun juya wa bagadi baya, suna kallon ƙofa. Katakis yana tsaye da jerin sunayen nan, jerin ya yi tsawo yana jan ƙasa kamar turmin atamfa. Ya ce, “Sunanki?” Na faɗa. Ya bi da yatsa har ƙarshe, ya ce, “Baƙi a waje suke tsayawa.” Na ce, “Ni ce baƙuwa? Ruwan da aka kwaɓa ginin nan da shi, a kaina ya zo daga rafi.” Ya sake cewa, “Sunanki?”

Sai kawai na gan ni a ciki, ban san ta inda na bi ba, ga tsintsiya a hannuna. Ina shara, amma abin da nake tarawa ba ƙura ba ce. Ƙugiyoyin haruffa ne, ƙanana, baƙaƙe kamar ƙaya, sun zube ko'ina a ƙarƙashin bencuna. Mutane suna takawa da takalma, ba sa ji. Ni da nake ƙafa ba takalmi suna sukata.

Can gindin bagadi, kusa da jar fitilar nan da ba a kashewa, ga Innata a zaune da faifai. Inna ta daɗe da rasuwa. Ba ta san ko harafi ɗaya ba, da furfurarta aka yi mata baftisma, amma babu addu'ar da ba ta haddace ba, ita ke gyara wa masu littafi idan sun tsallake layi. Ta ce, “Kawo nan.” Na juye mata a faifai. Ta sheƙe, ta bushe ɓuntun, ta tsince tsakuwa, yadda take yi wa riɗi. Na ce, “Inna, a can an koya miki karatu?” Ba ta ko ɗago kai ba. Ta kama gefen zanena ta ƙulle ƙugiyoyin a ciki, ta ja ƙullin da haƙori.

Sai kawai ga ni a tsaye a wurin karatu. Babban littafin ne a gabana, shafukansa a jiƙe kamar wanki, sai da hannu biyu nake juyawa. Na duba jama'a. Duk dariya suke, baki a buɗe har ana ganin dasashi, amma babu sauti ko kaɗan. A bakin ƙofa kuwa ga mutum uku a tsaye, da alama daga nesa suke, ƙafafu duk laka. Ba wanda ya ce musu sannu, ba wanda ya ba su ruwa, alhali kowa su yake kallo.

Na fara karatu. Muryata tana fitowa daga bayana, kamar wata ce ta tsaya a can tana faɗi ni ina motsa leɓe. Na iso kan kalmar, ga ta nan tsirara, ba ƙugiya. Na tsaya. Katakis ya ɗaga agogonsa ya ce, “Lokaci ya ƙure.” Na ce, “Ya ƙure ɗin.” Na kwance gefen zanena, na ɗauko ɗaya, na ɗora wa harafin a ka, na danna da babban yatsa. Ta zauna daram. Na karanta baƙi, da ƙarfi, har maƙogwarona ya yi zafi. Mutum ukun nan suka tako ciki. Katakis ya shimfiɗa jerin sunayensa a gabansu don ya tare hanya, suka bi ta kai kamar tabarma.

Na ci gaba. Kowane layi sai na tsaya na ɗora ƙugiya, ga su da yawa, yatsana har ya fara jini. Na kai ƙarshe na ce, “Maganar Ubangiji.” Su ukun kaɗai suka amsa da godiya ga Allah. Ta tsakiyarsu mace ce, ta lulluɓe fuska, amma na ga ƙafarta, da faso irin nawa, da tabon nan na fartanya a ɗan yatsa. Na waiwaya in nuna wa Inna. Faifan ne kawai a wurin. Ina cikin kiranta ƙararrawar Misar safe ta tashe ni, hannuna na riƙe da gefen zane.

To, ku gaya mini. Su wane ne ukun nan, kuma me ya sa ɗaya ta zo da ƙafata? Me ya sa Inna ta taimake ni amma ta ƙi amsa tambayata? Gargaɗi ne ko aike? Idan kun ce girman kai ne ya yi mini shigar mafarki, ku faɗa kai tsaye, ranar Asabar in je in furta zunubi, ba yau na fara durƙusawa ba. Amma kar wadda ta ce mini ma'anarsa in koma ga tsintsiya. Shara ban daina ba, ba kuma zan daina ba. Abin da na sani, Maganar Ubangijin nan masunta aka fara danƙa wa, ban ji an tambaye su takardar makaranta ba.

Ni dai ban jira fassara ba. Yau da aka tashi Misar safe na bi Fada har ɗakin da yake tuɓe kayan Misa. Na ce, “Fada, buɗe babban littafin duk inda ka ga dama.” Ya ce, “Mama, lafiya?” Na ce, “Buɗe dai.” Ya buɗe. Na karanta masa rabin shafi a tsaye. Sunaye biyu suka sarƙe ni, na koma na kama su da kaina. Ya rufe littafin ya ce, “Zan yi magana da Katakis.” Na ce, “A gabana za ka yi, Fada.” Ya yi dariya, ni ban yi ba.

A kan bencin ƙofar gidan Fada nake rubuto muku wannan, ko karin kumallo ban yi ba. Ga babur ɗin Katakis can ya shigo.