Dutsen da Inna Mai Guduma Ta Raɗa wa Suna

Kafin masinja ya buɗe tagogin ofishin binciken ƙasa, Inna Mai Guduma ta riga ta zauna a ɗakin ajiyar duwatsu, tabarau a kan hanci, tana ɗanɗana ɓarɓashin dutse don ta ji ko yashi ne ko laka. Mijinta kan yi mata tsiya: "Kowa matarsa ta dawo daga tafiya da tsaraba, ni duwatsu ake jibge min a falo."

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, ba ta taɓa hawa babbar kujera ba. Ku ji dalili.

Ƙuruciyarta a wani kwari ta ƙare, gudumar fasa dutse a hannu, tana bin wani dutse mai hawa-hawa, irin wanda ruwa ya shimfiɗa tun zamanin da ba kowa: jan yashi a ƙasa, farar laka a tsakiya, a sama ɓawon katantanwa da ya daskare. Ta auna kaurinsa, ta zana taswirarsa, ta tabbatar babu wanda ya taɓa bayyana shi. Saura suna.

Sai darakta ya kira ta, a gaban sakatariyarsa. Surukinsa, mai kamfanin fasa dutse, yana so a sa wa dutsen sunansa.

"Haba Hajiya, suna ne fa kawai. Dutse zai kai ƙara ne?"

"Ranka ya daɗe, a ƙa'idar aikinmu sunan wuri ake ba dutse, ba na mutum ba. Rafin da ya ratsa shi yana da sunan da matan ƙauyen suke kiransa da shi. Shi zan rubuta."

"Ƙarin girmanki yana kan teburina fa."

"To ya yi ta zama. Ai teburin da faɗi."

Aka hana ta motar fita daji, aka tura ta ɗakin ajiya. Ta yi kuka, sakatariyar ta gani. Amma ba ta janye ko harafi ɗaya ba, rahoton ya fito da sunan rafin. Yau ɗaliban jami'a da shi suke amsa jarrabawa, ba su ma san fuskarta ba.

Ke ce, Inna, guduma mai faɗa wa dutse gaskiya. An danne ki, ba a lanƙwasa ki ba. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai albarka.

Ku kuma masu tasowa, ranar da babba zai ce muku "suna ne kawai", ku dubi idonsa da ladabi, ku ce a'a.